Mota Ɗaya Aka Ce, Kwamba Ta Biyo Ni

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya bar mu muna yawo a kanta, wasu da ƙafa, wasu da taya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan wata magana ce da ɗaya daga cikinku, ku samarinmu, ya yi mini bayan sallar Juma'a a masallacin Regent's Park. Muna tsaye ana gaisawa, sai ya ce, "Kawu Sabo, ai aikinku ya zama hutu yanzu. Waya ce ke tuƙi, kai sitiyari kawai kake riƙe mata." Sauran suka yi dariya. Ban ba shi amsa ba, don lokacin fakin ɗina ya kusa ƙarewa, kuma masu rubuta tara a unguwar nan ba su san an idar da salla ko ba a idar ba. To, ga amsar yanzu, tunda na sami zama.

Ni direban ƙaramar bas ne ta haya a nan London, shekara ashirin da ɗoriya. Motata tana da gadar ƙarfe a baya wadda ke sauka ƙasa don mai keken guragu ya hau. Kafin in zo ƙasar nan na yi tuƙi tsakanin Zariya da Kano, na kuma zo da zaton babu abin da ya rage in koya. Wanda ya cire mini wannan zato shi ne Baba Issaka, mutumin zangon Kumasi, wanda ke da motoci biyu a Tottenham. Allah ya jiƙansa.

Aikin farko da ya ba ni ba tuƙi ba ne, tafiyar ƙasa ce. Ya kai ni wani lungu da aka kafa wa turaku biyu na ƙarfe a tsakiya don hana manyan motoci wucewa, ya nuna da baki ya ce, da irin Hausarsu ta zango, "Sabo, motar ya shiga nan?" Na duba na ce, "Za ta shiga, in sha Allahu." Ya zaro tef na awo daga aljihu ya miƙo mini. "In sha Allahu ɗin ka riƙe shi, yana da kyau. Amma auna." Na auna. Da na shiga, da na bar madubai biyu a jikin turakun nan. Tun ranar ya kafa mini doka: duk wurin da ban taɓa zuwa ba, kafin in ɗauki mutane zuwa can, sai na je da ƙafata na gani. Kuma kafin in cusa hancin mota ko'ina, sai na nuna masa ta inda zan fita. Kowace Lahadi da sassafe yakan kai ni filin fakin na wani kanti kafin a buɗe, ya jera kwalaye, ya sa ni ribas a tsakaninsu da madubi kaɗai. In na taɓa kwali ba ya faɗa. Sai ya ɗauki kwalin ya rungume, ya ce, "Ka kashe yaron mutane," ya mayar da shi wurinsa, mu sake.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Tef ɗin awo. Igiyoyin ɗaure keke, masu ƙugiya, waɗanda in ka ɗaura su a gurguje mutum zai zame da kekensa a birki na farko. Riga mai ƙyalli ruwan ɗorawa, wadda direba ke sawa in zai tsaya a titi. Sai wata 'yar takarda da na manna a saman gilashi, na rubuta tsawon motar da faɗinta da ajami, don shi idona ya fi saurin kamawa in gada ta taso mini ba shiri. Wani mai duba motoci ya taɓa tambayata ko addu'a ce. Na ce masa a'a, addu'ar tana baki, wannan tsawon mota ne.

Fasinja kuwa, Allah ya ba mu haƙuri da juna. Masu biki su ce ƙarfe biyu, ka zo ka tarar amarya ba ta shiga wanka ba. Masu zuwa filin jirgi su ce akwati huɗu, ka tarar da abin da zai cika shago. Masu jana'iza ne kaɗai ke zuwa kan lokaci. Wata rana a Whitechapel wata Hajiya ta dafa kafaɗata ta ce in tsaya minti ɗaya ta sayi kifi. A kan jan layi fa, inda ko tsayawa ba a yi. Na ce ba dama. Ta ce, "Haba Malam, in ɗan sandan ya zo ni zan ba shi haƙuri." Na nuna mata kyamara a saman turke, na ce ga ɗan sandan can, ta gwada. Wannan shi ne ciwonmu a ƙasar nan. Mun taso a inda kowace doka akwai mutum a bayanta, wanda za a gaishe shi, a tambayi iyalinsa, a gano ashe ƙanin matarsa maƙwabcin wane ne, magana ta mutu. A nan kuwa sau da yawa babu kowa a bayan dokar sai ƙarfe da kyamara, kuma kyamara ba ta da suruki.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekarata. A lokacin motoci biyu gare ni. Babu biki, babu makaranta, babu filin jirgi. Suka zauna har baturansu suka mutu, gansakuka ya fito a robar tagogi. Na sayar da ɗaya, na kwance kujerun ɗayar na shiga kai kwalaye gida-gida. A shekarar Baba Issaka ya rasu. Mutumin da ya kai jama'a maƙabarta ba adadi, tasa rakiyar ba ta cika ƙaramar mota biyu ba, don doka ta ƙayyade masu zuwa. Da aka buɗe gari na mayar da kujeru, na koma ɗaukar mutane. A lokacin jama'a sun gaji da zaman gida, ko kuɗin wuta za ka fita biya sai wani ya ce a tafi da shi. Ku riƙe wannan, don shi ya jawo abin da zan ba ku labari.

Madam Ladi ce ta kira ni. 'Yar Jos ce, nas, kuma ita ke koya wa yaranmu Hausa duk Asabar a wani zauren coci a Tottenham, 'ya'yan Musulmi da na Kirista a haɗe. Ta ce tana so ta kai yaran wani wurin shaƙatawa mai daji a gefen London, ƙetaren kogi, inda akwai wani rami da ake barin yara su tankaɗe yashi su tsinci haƙoran kifin teku da suka zama dutse. Na ce kifin teku a daji? Ta ce a kan tudu ma, wai a zamanin da babu wanda ya san iyakarsa wurin ƙarƙashin teku yake. Na ce tsarki ya tabbata ga mai juya ƙasa yadda ya so.

Sai ta sassauta murya ta ce, "Malam, saboda Nusaiba nake kiranka kai, ba wani ba." Nusaiba yarinya ce a ajin, ba ta fi shekara sha ɗaya ba, da keke take yawo tun tana ƙarama. Ita ta gano wurin, ita ta dami kowa da maganarsa wata da watanni. Kuma duk fitar da ajin ya taɓa yi, a ƙarshe sai a ce wurin ba ya shiguwa da keke, a bar ta gida da alkawarin wani karo. Mahaifiyarta tana aiki a asibiti ranar Asabar, ba za ta zo ba, ta danƙa ta a hannun Madam Ladi. "Na yi mata rantsuwa wannan karon har bakin ramin za ta je," in ji Madam. "Kar ka sa in zama maƙaryaciya."

Ranar Alhamis na hau jirgin ƙasa na je da ƙafata. Ga abin da na tarar, wanda babu wayar da za ta faɗa maka. Wurin fakin na jama'a yana gindin tudu, ƙarami ne, kuma an gicciya ƙarfe a saman ƙofarsa. Ƙananan motoci su wuce, tawa ba ta wucewa. Daga nan zuwa ramin hanyar ƙafa ce mai matakala ta gungumen itace da saiwoyi, ko mai ƙafa biyu sai ya yi haki. Keke ba ya hawa. Na zagaya ɗaya ɓangaren na sami wata siririyar hanya, faɗin mota ɗaya, shingen ƙaya a hagu, kwata mai zurfi a dama, ga lanƙwasa biyu. Ƙarshenta ƙofar ƙarfe ce a kulle, bayan ƙofar kuma hanyar ma'aikata ce da ke kaiwa dab da ramin. An kafa allo cewa ba a tsayawa a nan, hanyar motar asibiti ce da ta kashe gobara.

Na nemi mai kula da wurin. Wata Baturiya ce doguwa, takalmanta duk taɓo, makullai a ƙugu. Na yi mata bayanin yarinyar. Ta saurara da kyau, ta ce za ta buɗe mana, amma da sharaɗi. Mota ɗaya tak, mai ɗauke da shuɗin katin masu naƙasa. Shiga ƙarfe sha ɗaya daidai, don bayan nan tana da wasu 'yan makaranta a can wani gefen dajin, sai ƙarfe biyu ta dawo ta buɗe mana mu fita. In na shiga, tafiyar motar kar ta wuce ta mai tafiya a ƙasa, kuma in zauna tare da motar har mu fita. Ta maimaita na ƙarshen sau biyu: in ta ga wata mota a siririyar hanyar nan bayan tawa, ba za ta buɗe ba. Na ce na ji, na yi booking, na dawo.

Na faɗa wa Madam Ladi, ta rubuta wa iyaye a waya. Ni kuma na faɗa da bakina a masallaci. Duk mai son zuwa da motarsa ya wuce kai tsaye wurin fakin na jama'a, ga adireshi, ya fita da wuri don gurbi kaɗan ne. Kada kowa ya bi ni. Da Hausa na faɗa, ba da wani yare ba.

Ranar Asabar na iso bakin zauren na tarar kamar za a kai amarya. Motoci a jere, but a buɗe, ana loda kuloli na dafa-duka da masa da zoɓo, tabarmi, butoci, har da wani mai kujerun roba. Fitar yara ta zama fitar gari. A gaba ga Alhaji Garba, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan arewa, cikin farar babbar riga, yana jingine da sabuwar jif ɗinsa baƙa, matarsa Hajiya Rabi tana ciki. Mutumin kirki ne, ba na ɓoye wannan, shi ke biyan kuɗin zauren da yaran ke karatu. Ya ɗaga mini hannu.

"Malam Sabo, sarkin hanya! Kai gaba, mu baya."

Na sauko na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na sake bayani tun daga ƙarfen da aka gicciya har zuwa sharaɗin Baturiya.

"Ba komai, ba komai," in ji shi. "Mun ji."

Na san wannan "mun ji" ɗin. Tun ina yaro nake jin sa.

Na sauke gada, Nusaiba ta hau, na ɗaure tayoyinta huɗu na ja kowace igiya na tabbatar. A cinyarta akwai rariyar tankaɗe da ta ɗauko daga kicin ɗin uwarta. Sauran yara suka shiga da Madam Ladi, na yi bisimilla na tayar.

Tun daga Tottenham har muka ƙetare kogi, duk sanda na ɗaga ido ga madubi, hancin jif ɗin Alhaji nake gani, bayanta kuma sauran a jere, kowa a matsayinsa, manya a gaba, ɗalibai a baya. Na yi fatan danja ta raba mu. Ta kama wasu, amma wani ya tsallake ta don kar kwamba ta tsinke, na ga walƙiyar kyamara a bayansa na ce wannan ya sayi abin da ya saya. Da muka zo mararrabar da wurin fakin yake hagu, na rage gudu, na fito da hannu ta taga ina nuna musu hagu, hagu, hagu. Alhaji ya fito da nasa hannun ya ɗaga mini. Gaisuwa ya ɗauka. Tsayawa ba dama a wurin, kwana ce, ga layi biyu na hana tsayawa a gefen titi, ga motocin mutane suna tahowa. Na shiga siririyar hanya ina salati. Jif ta shigo. Sauran suka shigo.

Baturiya tana tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu. Ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi abin da ke bayana har inda hanya ta lanƙwasa, ta mayar da makullin ƙugunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mun yi magana da kai." Na ce mun yi. Ta ce in hanya ta zama fili kafin ta tafi, za ta buɗe. In ba haka ba, sai wani karo.

Na kashe mota na zare makulli. Kafin in kai ga jif, Alhaji ya riga ya fito yana gyara riga.

"Bar ni da ita," ya ce. "Magana ce kawai."

Ya je ya gaishe ta da Turancinsa mai kyau, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya gaya mata shi ne shugaba kuma duk waɗannan mutanensa ne, masu mutunci, har da likitoci. Ya aika aka kawo masa faranti na masa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗauki ɗaya ta ci, ta ce da daɗi ƙwarai, ta gode. Ƙofa tana nan a kulle. Ya juyo gare ni da Hausa.

"Wai ba ta da oga ne? A kira ogan."

"Alhaji, ko ogan ya zo, hanyar motar asibiti ce. Sai dai a koma da baya."

"A koma ina?"

"Inda aka fito."

Na taka har ƙarshen layi, don ribas daga na baya ake farawa. Wani ɗalibi ne a motar ƙarshe. Ya ce shi a shirye yake, amma sai Alhaji ya ce. Na gabansa ya ce shi me zai sa ya koma alhali in an buɗe wa Alhaji kowa zai bi? Wata mata ta leƙo ta ce masarta tana hucewa. Wani kuma har ya fito da tabarma yana neman inda zai shimfiɗa a bakin kwata. Wani Bature mai kare ya tsaya a bayan shinge yana ɗaukar mu a waya. Na dawo wurin Alhaji na ce magana tana hannunsa.

"Ni ba na komawa," ya ce. "Mun zo tun daga Tottenham a ce mu koma? Za ta buɗe. Haƙuri ake yi da su."

Na leƙa motata. Yara sun fara tsalle a kujeru. Madam Ladi ta cire tabarau ta riƙe a hannu, wanda duk wanda ya san ta ya san ba alamar alheri ba ce.

"Malam, ka tare ƙofar motar nan," ta ce. "In na sauka, wallahi yau ƙungiyar nan ta watse, kuma ni zan watsa ta."

Nusaiba ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Ta juya rariyarta ta kife a cinya, ta ce, "Kawu, an yi cancel ko?" Yadda ta faɗa, kamar mai tambaya ko an ɗauke ruwan sama. Ta saba. Na ce mata ba a yi ba tukuna. Na dubi Baturiya, na ga tana duba agogo.

Yanzu ku saurara, don nan ne aikin yake. Direba ba hanya kaɗai yake karantawa ba, yana karanta masu tuƙi. Na tsaya na dubi Alhaji da kyau. Bakinsa yana maganar ƙofa, amma idonsa ba ya kan ƙofa. Baya yake kallo: kwata, shinge, lanƙwasa, kwata kuma. Yana juya makulli a hannu, gumi yana tsattsafo masa a ƙarƙashin hula alhali babu zafi. Sai na tuna yadda ya yi fakin da safe, ya tare ƙofar gidan mutane don dai kar ya shiga gurbin da zai fita da baya. Na tuna yadda yake buɗe kwana a madubina duk tsawon hanya. Mutumin nan a Abuja direbobi gare shi, da furfurarsa ya koyi tuƙi a nan. Ba girman kai ne ya hana shi komawa ba. Bai iya ribas ba ne, ba a irin wannan hanya ba, kuma ya gwammace a kwana a nan da ya jefa sabuwar jif a kwata a gaban jama'ar da ke kiransa shugaba.

Ni ba zan tuƙa masa ba. Inshorar motarsa ba ta san da ni ba, kuma ba a barin motar yara a tafi. Amma na san wani abu. Na sha ganin Hajiya Rabi a bakin makarantar firamare da safe tana cusa jif ɗin nan da baya a gurbin da ni ko keke ba zan sa ba, tana yi tana faɗa da yara. Sai dai a gaban jama'a ba a taɓa ganin Alhaji a gefe matarsa tana tuƙi ba, kuma ba ni zan fara faɗin haka da baki ba.

Na ɗauko rigata mai ƙyalli daga bayan kujera, na je na miƙa masa da hannu biyu.

"Alhaji, mutanen nan ba za su ji maganata ba, ni direba ne. Sai an sami babba ya tsaya a bakin titi ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya. In ba kai ba, ban ga wanda zai iya ba."

Ya dubi rigar. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Can ya karɓa, ya zura ta a kan babbar riga, hannuwan rigar suna lilo ta gefe, ya nufi ƙarshen layi yana ɗaga murya.

"Kai, ɗan makaranta! Ribas! Dakta, me kake jira? Wa ya ce ku biyo mu nan? Ba a faɗa muku wurin fakin ba?"

Wallahi haka ya ce. Na yi istigfari a zuciyata don dariyar da ta taso mini.

Motoci suka fara ja da baya. Wani ya goga shinge, motar wani ta mutu sau biyu, mai tabarma ya nufi tasa motar da gudu. Hanya ta yi ta buɗewa har ya rage jif kaɗai. Alhaji yana can nesa a bakin titi, ya ba mu baya, yana ta aikin tare motoci, bai ko waiwayo ba. Na je tagar jif na yi sallama.

"Hajiya, Alhaji yana bakin aiki, ba zai iya barin wurin ba."

Ashe har ta cire takalmanta masu tsini ta ajiye a gefe.

"Malam Sabo, tun ɗazu nake jira wani a cikinku ya yi hankali," ta ce, ta zame zuwa kujerar direba. Makullin irin na zamani ne, Alhaji ya bar shi a kan kujera kafin ya tafi, kuma ban ce da gangan ba ne, ban ce ba da gangan ba ne.

Ta gyara madubi, ta ɗora hannu ɗaya a bayan kujera, ta fita da jif ɗin nan tiryan-tiryan, lanƙwasa biyu, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Da ta kusa titi Alhaji ya juyo yana kaɗa hannuwa yana cewa, "Dama! Dama!" Ita kuwa tana yin hagu. Da Baba Issaka yana raye da ya ba ta aiki.

Lokacin Baturiya ya riga ya wuce. Na tarar tana magana a 'yar rediyonta tana gaya wa wani zai jira ta kaɗan. Ta zaro makulli. Amma ta ce lokacin fita yana nan yadda aka yi, abin da muka ɓata mun ɓata. Na ce adalci ne. Ƙofa ta buɗe, na shiga a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ta kulle a bayana.

Na tsaya inda ta nuna, na sauke gada, na kwance igiyoyi. Nusaiba ba ta jira kowa ba, ta tura kekenta da kanta a kan hanyar har inda yashi ya fara, daga nan Madam Ladi ta kama. Ni na zauna da mota kamar yadda aka sharɗanta. Na yi alwala da ruwan gora, na yi Azahar a kan ciyawa, ina jiyo ihun yara ta cikin itatuwa.

Manya kuwa, kafin su zagaya wurin fakin ya cika. Wasu suka yi ta kewaye unguwa, biyu suka hau kan ciyawar gefen titi suka bar motocinsu, aka manna musu tara, kuma da daddare ni suka kira suna faɗa kamar ni na rubuta. Suka hau matakalar gungume da kuloli a ka. Sanda suka iso bakin ramin suna haki, mu lokacinmu ya kusa cika. Na hango Alhaji a gaba, har yanzu da rigata, yana nuna wa mutane inda za su shimfiɗa tabarma.

Da yara suka dawo, tayoyin Nusaiba sun cika da taɓo, hannuwanta baƙi ƙirin har gwiwa, rariyar uwarta ta lotse, ba za ta sake ganin gari ba. Ta hau gada ta bar mini sawu biyu na laka har cikin mota. Ina durƙushe ina ɗaure igiya ta ce in miƙo hannu. Ta ajiye mini wani abu a tafi. Haƙori ne, baƙi, bai kai farcen ɗan yatsa ba, amma bakinsa yana nan da kaifi kamar jiya aka cire shi. A kan tudu, a cikin daji, inda ko kududdufi babu. Na ce Subhanallahi, na mayar mata. Ta dunƙule hannu a kansa.

Sai ta yi magana da Hausa, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya-ɗaya yadda yaranmu na nan suke yi.

"Kawu, baɗi mu dawo. Amma ban da manya."

"Amin!" in ji Madam Ladi daga gaba, da ƙarfi, kamar a coci.

Na ja igiya ta ƙarshe na tabbatar, na ɗaga gada, na shiga na tayar. Baturiya ta buɗe ƙofa. Hanya fili har bakin titi, babu kowa a kanta.

Allah ya kai kowane matafiyi inda ya nufa, ya mayar da shi gida lafiya, ya kuma shirya mana masu bin mu a baya.